Salansar Tankar Yaƙi a Bauchi

Ba kallon sojoji ya kai ni Bauchi ba. Tsohuwar taraktarmu ce, Steyr, ta kwanta ana dab da faɗuwar damina. Na karaɗe Malumfashi da Funtuwa ban samu kayan gyaranta ba, sai wani bakanike ya ce in gwada Bauchi, tunda a can aka harhaɗa irinta. Na bar Musawa da asuba, na bi ta Dayi da Gwarzo na faɗa Kano, daga nan sai Birnin Kudu da Ningi. Ban da gyangyaɗi da shingayen bincike, babu abin faɗi.

Masaukin da na kama, Allah ya raba Musulmi da irinsa. Mai gidan ya girke janareta a gindin tagata, bakin salansar ya saito ɗakin. Na rufe taga zufa ta ishe ni, na buɗe hayaƙi ya shaƙe ni. Da na yi ƙorafi, yaron gidan ya ce haka kowa ke kwana. A garinmu ko mai injin niƙa ya san ya juya bututunsa ya bar gidan maƙwabci.

Da safe ina teburin mai shayi, kaina kamar zai tsage, sai ga doguwar tirela ɗauke da tankar yaƙi. Kowa na kallon bakin igwa, ni kuwa idona na kan wani baƙin tabo a gefenta na hagu, saman sarƙar da take tafiya a kai. Na ce a fili, "To ina salansarta?"

Wani dattijo ya tuntsure da dariya. Da ya ji daga ƙasar Katsina nake, ya ce, "Ashe bawana ne! Taso mu je gida, Bakatsine ba ya gane karatu da yunwa." Banufe ne, tsohon soja, ya yi shekaru yana gyaran tankoki, ga shi garin nan ne mazaunin makarantar sojojin sulke. Aka kawo masa da miyar taushe. Gaskiya masar Bauchi ta ci sunanta, amma furar da ta biyo baya ba ta kama ƙafar tamu ba, kuma na faɗa masa.

Ya ce wadda na gani T-72 ce, ƙirar Rasha, kuma tabon nan shi ne mafitar hayaƙinta. Ya lissafa mini tankoki tun daga Vickers ta Ingila da ya fara aiki a kanta, har zuwa VT-4 ta ƙasar Sin da aka kawo a 2020.

Na ce, "Baba, me ya hana a miƙar da bututun sama kamar na tarakta?"

Ya ce, "Taraktarka wa ke farautarta? Kan tanka juyawa yake da igwarsa, zai tsinke bututun. Ga abokan gaba da na'urar hango zafi cikin dare. In kuma ka kifa hayaƙin ƙasa, ƙura ta tona maka asiri." Ya ƙara da cewa T-72 kan fesa man gas cikin salansar da gangan, farin hayaƙi ya turnuƙe ta ɓuya a ciki.

Sai ya ɗauki murfin langa ya kwatanta mini Abrams ta Amurka. Injinta irin na jirgin sama ne, mai ƙarfin doki 1,500, kuma ta baya yake huro wuta. Idan za ta ja 'yar'uwarta da ta lalace, hucin zai gasa ta bayan. Don haka ake maƙala wani lanƙwasasshen faifan ƙarfe a jikin ragar da hucin ke fita, ya karkata shi sama, in an gama a cire.

Na ce da ni ne, walda zan yi masa in huta.

Ya ce, "Shi ya sa salansarku ke tsagewa. Ƙarfe in ya ji wuta miƙewa yake, in ya huce ya tsuke, ga jijjiga ba dare ba rana. Ka ɗaure shi da noti, ka bar masa wurin numfashi, ranar gyara ka kwance abinka."

Na yi shiru, don salansar taraktarmu sau uku ina kai ta walda, kuma wuri ɗaya take tsagewa.

Ya hana ni komawa masaukin, ya shimfiɗa mini katifa a zaurensa. Washegari na samu kayan gyarana, na ƙara da noti huɗu da ba su cikin lissafi. Hanyar dawowa barci na yi har Gwarzo.