Yaro Mai Karkataccen Baya, A Duba Zuciyarsa

Malamin makaranta ya fi iyaye sanin bayan yaro. Kullum muna tsaye a bayansu sa'ad da suke rubutu a allo, ko suna sunkuye da tsintsiya da safe. A nan ne akan ga kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu, ko haƙarƙarin gefe guda ya tasa kamar an cusa ƙoƙo cikin riga.

A wajenmu, daga Farfaru har cikin garin Jibiya, duk suna ɗaya ake ba abin, watau ƙusumbi ko doro. Amma ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda tarin fuka ke kawowa, ya ci ƙashin baya har ya dunƙule. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana shi tun 1779, kuma maganin tarin fuka yana tsai da shi. Akwai wanda ke fitowa lokacin balaga, ya fi damun 'yan mata. Sa'an nan akwai wanda aka haifi yaro da shi, shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Na koyar da wata yarinya a aji huɗu, mai irin wannan baya. Ba ta wasan gaɗa sai ta tsuguna tana haki, leɓenta ya yi duhu. Mutanen gida suka ce nauyin doron ne. An kai ta wurin mai ɗori, an yi mata tsaga, kakarta kuwa ta ce iska ce ta shafe ta tun tana ciki. Da aka kai ta Katsina saboda zazzaɓi, likita ya sa abin sauraro a ƙirjinta, ya ji wata ƙara da ba ta kamata ba. Hoton zuciya ya nuna rami a bangon da ya raba ɗakunanta biyu na ƙasa.

Dalilin ba boyayye ba ne. Zuciyar jariri takan fara bugawa wajen kwana 22 bayan shigar ciki, ƙasusuwan baya kuwa suna haɗuwa daga mako na 4 zuwa na 6, tun uwa ba ta tabbatar tana da ciki ba. Abin da ya taɓa ɗaya a waɗannan kwanaki yakan taɓa ɗayan, har da ƙoda. Cikin dukan jarirai, kamar 1 cikin 100 ne ake haifa da lahani a zuciya. Cikin waɗanda aka haifa da karkataccen ƙashin baya kuwa, yakan kai 1 cikin 10, wasu likitoci ma sun sami fiye da haka. Ba laifin uwa ba ne, ba goyo ne ya jawo ba, ko da yake na sha jin surukai suna faɗin haka.

Ya ku iyaye, ga abin da ke ba ni tsoro. Ido yana ganin baya, ba ya ganin zuciya. In bayan ya karkace ƙwarai yakan matse huhu, zuciyar da dā ma ba ta da ƙarfi ta riƙa aikin mutum biyu. Jaririn da ke gumi yana shan nono, ya saki ya huta ya sāke kamawa, ba ya ƙiba, ko yaron da ke tsugunawa in ya yi gudu kaɗan, a roƙi likita ya saurari ƙirjinsa. Ƙaramin rami yakan toshe da kansa, babba sai aiki. An yi aikin buɗe zuciya na farko a Nijeriya a Inugu a 1974, amma har yanzu kuɗinsa ya fi ƙarfin manomi.

Mu na bakin iyaka hanya biyu gare mu: Katsina da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko Maraɗi da asibitin mishan na Galmi. Da aka rufe iyaka a 2019, da kuma a 2023, ta biyun ta yi wuya. Ko ina aka nufa, kafin a taɓa bayan yaro da wuƙa, likitan ƙashi zai so ya ga hoton zuciya da na ƙoda tukuna, don haka a tanadi kuɗinsu tun daga gida.