Fenti bisa ruwa

Ɗan'uwa mai karatu, ka san marina. Ka san yadda marini ke tsoma farin ƙyalle cikin baba, ya fidda shi, ya sake tsoma shi har ya yi yadda yake so. Yau ina son in ba ka labarin wani irin tsomi dabam, wanda sau ɗaya tak ake yin shi. Da shi ake yi wa allon rubutu na kwamfuta ado.

Allon nan shi ne wanda ake dannawa baƙaƙe su fito. Ko ba ka da shi, ka gan shi wurin masu buga takardu a birni. Jikinsa roba ce, baƙa ko mai ruwan toka. Masu son ado suna tsoma robar cikin ruwa mai fenti, sai ta fito da zane mai murɗe-murɗe.

Yaya hakan ke yiwuwa? Ɗiga man gyaɗa cikin ƙwaryar ruwa ka gani. Ba ya nutsewa, yana yawo bisa ruwan. Fentin mai ma haka yake. In an zuba ja da shuɗi da fari, sai su shimfiɗu bisa ruwa. A sa tsinke a ja su a hankali, su murɗe. Duk abin da ya ratsa ta cikinsu, fentin zai manne mashi.

Dabarar tsohuwa ce. A Japan ana yin ta da tawada bisa takarda tun wajen shekara 900 da suka wuce. A Turkiyya sunanta ebru, kuma can sai an kaurara ruwan da wani irin ƙaro. A 1990 kamfanin Ibanez ya fitar da gita masu irin wannan ado.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shirin da ake yi kafin tsomi. Roba tana da santsi, fenti ba ya kama ta haka nan. Sai an kwance allon, an fitar da maɓallai da wayoyi, an bar ɓawon kaɗai. A wanke shi da sabulu, don ko maiƙon yatsa yana hana fenti zama. A goge shi da samfefa mai laushi. A fesa mashi farin fenti na shimfiɗa, a bar shi ya bushe sarai. Wannan aiki yana cin yini, tsomin kuwa bai kai minti 1 ba.

Wurin tsomin ne gaggawa take. Fenti na yin fata bisa ruwa nan da nan, balle lokacin hunturu da iska ke bushe. In ya yi fata, sai ya dunƙule jikin roba. Don haka ana shigar da ɓawon a karkace, sannu sannu, ba tsayawa. Kafin a ɗago shi, a share sauran fentin da ke bisa ruwan da guntun kwali, kada ya sake hawa ya ɓata zanen. Marini yana iya ƙara tsomi. Nan kuwa, in zane ya ɓaci, sai a kankare a sake tun daga farko. Bayan ya bushe ana shafa mashi man ƙyalli don kada ya goge.

Abu ɗaya nake roƙon ka, ni da aikina koyar da karatu ne. Kada a tsoma maɓallan. Bisa kansu baƙaƙe suke. Allon da aka fi amfani da shi a Nijar layinsa na farko yana farawa da A, Z, E, R, T, Y, ba jerin abacada da muka koya ba. Gwani yana bugawa ba ya dubawa. Sabon mai karatu kuwa da ido yake neman kowane baƙi, in fenti ya rufe su an rufe mashi hanya. A ɗauki hoton allon da salula kafin a cire maɓallan, don kowane ya koma gurbinsa.

A yi aikin a fili, nesa da wuta, don warin fenti yana cutar da ƙirji kuma yana kama wuta. Ruwan da ya rage kada a bar shi inda awaki ko yara za su kai baki, kada a zuba shi kusa da rijiya. Bahon da aka yi aikin ciki ya bar zama na abinci.