Wa Ya Aike Ka? Biyayyar Almajirin Yesu a Arewacin Kogin Kaduna

Idan Bahaushe ya ji kalmar almajiri, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne yaro da allo da ƙoƙon bara. Amma da za ka shiga majami'ar da ake sujada da Hausa, a Wusasa ko a Malumfashi ko a nan Kaduna, da wannan sunan za ka ji ana kiran Bitrus da Yohanna da Andarawus. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya daɗe yana yi tare da wasu, mabiyan Yesu goma sha biyu almajirai ne a bakin Kirista Bahaushe. Masu fassarar ba su yi zaɓen tumun dare ba. Asalin kalmar daga Larabci ne, tana nufin wanda ya yi hijira, ya bar gidan ubansa da tuwon uwarsa ya je ya durƙusa a gaban malami. Malamin ne zai ce masa ga inda zai kwana, ga abin da zai karanta, ga ranar da zai wanke allo. Wanda ya riƙe ra'ayin kansa ya tafi da shi tsangaya, baƙo ne kawai, ko da ya shekara goma a can.

Wannan ita ce ma'anar da Kiristanci ya ɗora wa kansa. A Linjila ta hannun Luka, sura 9, Yesu ya gindaya wa mai son binsa sharuɗɗa uku: musun kai, ɗaukar gicciye kowace rana, sannan bi. A daren da aka kama shi a gonar Gatsemani, shi kansa ya roƙi a ɗauke masa abin da ke tafe, sa'an nan ya ajiye nufinsa a ƙarƙashin nufin Allah. Na san mafi yawan masu karanta wannan shafi Musulmi ne, kuma na san mun sha bamban a kan batun gicciye, bambancin da ba zan ɓoye ba. Sai dai kalmar miƙa wuya ba baƙuwarku ba ce, haka ma yaƙi da son zuciya. Don haka ba zan sha wahalar bayyana muku inda maganar ta dosa ba.

Hausa ta riga ta sauƙaƙa mana rabin aikin. Yaro mai biyayya shi muke kira mai jin magana, marar biyayya kuwa mai kunnen ƙashi. A harsunan da aka fara rubuta Littafi Mai Tsarki da su, wato Ibrananci da Girkanci, haka abin yake: kalmar biyayya daga saiwar ji ta tsiro. Ashe tambayar farko game da biyayya ita ce: muryar wa kake ji? Domin muryoyin suna da yawa, kuma wadda ta fi kowace iya kwaikwayon muryar Allah ita ce ta zuciyar mutum.

Barin son zuciya yana da sauƙin wa'azi idan ana maganar giya ko zina ko cin kuɗin jama'a, domin mai yin su ya san laifi yake yi. Wanda ya fi wuyar bari shi ne son zuciyar da ke da hujja, wanda ya zo da shaidu da gawarwaki, wanda duk danginka za su tafa maka idan ka bi shi. A Kaduna mun san sunansa: ramuwa.

Wanda bai san garin nan ba, ga yadda yake. Kogin Kaduna ya ratsa shi biyu. Kafin shekarar 2000 an fi zama a cakuɗe. A ranar 21 ga Fabrairu ta wannan shekara rikici ya ɓarke a kan batun shari'a, ya sake tashi a watan Mayu, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ce aƙalla mutum 2,000 ne suka mutu. A Nuwamban 2002 rikicin gasar sarauniyar kyau ya ci wasu kimanin 250. Daga nan aka shiga kwashe kaya. Kiristoci suka gangara kudu, Sabon Tasha da Narayi da Television da Gonin Gora. Musulmi suka hauro arewa, Tudun Wada da Rigasa da Kawo da Unguwan Dosa. Har aka kai ana yi wa ɓangarorin biyu laƙabi da Makka da Urushalima. Amma kwashewar ba ta zama kakaf ba. Manyan majami'un St. Michael ta Angilika da St. Joseph ta Katolika suna nan arewacin kogi, kuma akwai gidajen Kiristoci a Malali da Badarawa da Unguwan Rimi da ba su tashi ba. Namu yana cikinsu.

A wannan ɓangaren na gari, a Tudun Nupawa, aka haifi James Movel Wuye, ɗan soja, wanda ya zama fasto a cocin Assemblies of God. A ƙuruciyarsa yana cikin jagororin matasan Kirista masu shirin faɗa. Lokacin da rikicin Zangon Kataf na 1992 ya malalo zuwa cikin Kaduna, an sare masa hannun dama. A ɗaya gefen kuma akwai Muhammad Nurayn Ashafa, jagoran matasan Musulmi, wanda ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu a rikicin guda. A 1995 wani da ya san su duka ya haɗa su a wurin wani taro, ya nemi su yi magana. Suka fara. Da mahaifiyar James ta kwanta rashin lafiya, Ashafa ya je dubiya; da ta rasu, ya je ta'aziyya. Suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a Kaduna, suna yawo gari-gari tare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin nan shi ne abin da James ya bayyana da bakinsa daga baya. Shekara uku suna aiki tare, wani lokaci ɗaki guda suke kwana a masauki, amma zuciyarsa ba ta daina raya masa ya danne abokin tafiyarsa da matashin kai ba. Jikinsa yana aikin sulhu, nufinsa yana nan inda aka sare hannun. Sai da wani malamin coci ya tsare shi a wani taro a Abuja, ya nuna masa cewa ba a wa'azin Almasihu da ƙiyayya a ciki, kafin ya saki. Shi ma Ashafa ya ce huɗubar Juma'a ce a kan afuwar da Annabi Muhammadu ya yi wa mutanen Ɗa'ifa ta karya masa zuciya.

A duba abin da James ya miƙa. Hannunsa bai dawo ba, kuma ba a gurfanar da wanda ya sare shi a gabansa ba. Bai bar aƙidarsa ba, kamar yadda liman bai bar tasa ba. Abin da ya ajiye shi ne ikon yanke hukunci a shari'ar da shi ne mai ƙara. Umarnin da ya bi yana cikin Matiyu sura 5, inda aka ce a ƙaunaci maƙiyi a kuma yi masa addu'a. Ya san ayar tun yana yaro, ya yi wa'azi da ita, amma sani daban, ji daban. Kuma biyayyar ta ci shi: wasu daga cikin mutanensa sun ɗauke shi maci amana. Ba ta kuma zo da lada nan take ba. A ranar 22 ga Agusta 2002, shugabannin addini 22, rabi Musulmi rabi Kirista, suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, wadda su biyun suka yi wa ɗawainiya. Wata uku bayan nan gari ya sake kamawa da wuta. Da ciniki James ya shiga da Allah, a nan zai ce an cuce shi ya koma gidan jiya. Bai koma ba. Suka wuce Yelwa da Shendam a Jihar Filato, inda aka kai ga sulhu a 2005.

Na ga ƙaramin irin wannan a gidanmu. Ranar Lahadi 28 ga Oktoba 2012, ɗan ƙunar baƙin wake ya kutsa da mota cikin cocin St. Rita a Unguwan Yero ana tsakiyar sujada. An rasa rayuka, mutane da dama suka jikkata. Mu ba 'yan wannan coci ba ne, amma akwai waɗanda muka sani a ciki. Kafin azahar an fara kiran samari a waya, ana cewa a fito. Ƙanena, autan gidanmu, ya sa takalmi. Mahaifiyarmu ba ta yi kuka ba, ba ta kuma kulle ƙofa ba. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a bakin zaure.

Ta ce, "Auta, ba zan riƙe ka ba, ka fi ƙarfina. Amma kafin ka tsallake ni, faɗa mini wa ya aike ka."

Ya ce, "Mama, ba ki ga abin da suka yi ba?"

Ta ce, "Na gani. Ba abin da suka yi na tambaye ka ba. Wa ya aike ka? In Yesu ne, tsaya in ɗauko mayafina mu tafi tare."

Ya daɗe a tsaye, sa'an nan ya koma ɗaki, bai yi mata magana ba har kwana biyu. A ranar an kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba da sunan ramuwa, duk da kiran da shugabannin coci suka yi na a kwantar da hankali. Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, amma ba su faɗi wanda zafin yake ƙonawa ba. Yawanci ɗan acaɓa ne ko mai tallan rake da tsautsayi ya biyo da shi ta hanyar.

A nan dole in yi taka-tsantsan, domin babu kalmar da aka fi ci da guminta a wuraren ibada kamar biyayya. Muna da karin magana mai cewa bin na gaba bin Allah. Akwai gaskiya a ciki, amma ba kullum ba. Da sunan biyayya ake ce wa matar da mijinta ke duka ta yi shiru ta ƙara addu'a. Da sunanta ake karɓe albashin talaka a ce iri ya shuka. Da sunanta ake gaya wa jama'a daga kan bagade wanda za su zaɓa. Samarin da suka fita da adduna a 2012, su ma kira suka amsa. Su ma suna ganin biyayya suke yi. Almajiran farko sun san wannan tarko. Da majalisar malamai a Urushalima ta hana su wa'azi, amsar da Bitrus ya bayar a Ayyukan Manzanni sura 5 ita ce Allah ya fi cancantar a yi masa biyayya a kan mutum. Wanda ya miƙa nufinsa ga Allah ya rasa abin da zai miƙa wa wani ɗan Adam, komai girman rawaninsa ko tsawon rigarsa.

Misalin da duniya ta fi sani shi ne Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da ya wallafa littafi a kan almajiranci a 1937, yana sukar alherin da ake rabawa da araha, gafara ba tare da tuba ba. A 1939 abokansa suka samar masa mafaka a Amurka. Makonni kaɗan ya yi ya koma Jamus, domin ya ga ba shi da bakin magana bayan yaƙi idan bai sha wahalar tare da mutanensa ba. Ya shiga cikin masu adawa da Hitler, aka kama shi, aka rataye shi a ranar 9 ga Afrilu 1945. Biyayya ɗaya ce ta sa James ya ajiye makami a gaban wanda yake ɗauka maƙiyi, ta kuma sa Bonhoeffer ya ƙi sunkuya wa gwamnatin ƙasarsa. Duka biyun sun yi abin da ransu ba ya so, kuma sun yi shi a gaban mutanensu da ke son akasin haka. Wannan shi ne ma'aunin da na fi amincewa da shi: idan abin da kake kira nufin Allah kullum yana dacewa da fushinka da aljihunka da ra'ayin ƙabilarka, to ka sake saurare.

Ba na cewa Kiristan da ya koma Sabon Tasha ya yi rashin biyayya, ko wanda ya zauna a Malali ya fi shi imani. Mai 'ya'ya ƙanana da aka ƙone wa gida ya san abin da ya gani, kuma Yusufu ma ya gudu Masar da jariri. Zama da tashi duka suna iya fitowa daga tsoro ko taurin kai, suna kuma iya fitowa daga jin magana. Allah ne ya san wanne ne wanne, sai kuma mutumin, in ya yarda ya faɗa wa kansa gaskiya.

Yawancinmu ba za a sare mana hannu ba, ba za a kuma rataye mu ba. Amma Luka ya ce kowace rana, kuma a nan maganar ta same mu, mu masu ofis da alƙalami. Likita yana da marar lafiyan da sunansa ya nuna daga wane gefen kogi ya fito. Ma'aikaci yana da takardar neman aiki guda biyu a kan tebur. Ni ɗan jarida ina da kanun labari, kuma na san kalma ɗaya a cikinsa tana iya sa wani yaro a Kawo ko a Unguwan Romi ya sa takalmi. A duk lokacin da rikici ya tashi, akwai jimlar da zuciyata ke son in rubuta, wadda mutanena za su yaɗa a WhatsApp suna sa mini albarka. Akwai kuma wadda na tabbatar da gaskiyarta, wadda ta ƙirga gawarwakin kowane ɓangare da ma'auni ɗaya. Ta biyun ba ta da farin jini, wani lokaci har a cikin coci. Ita aka aike ni in rubuta.