Kunnen Doki a Batumi

A ranakun 26 da 27 ga Yulin 2025, mata biyu 'yan Indiya suka kara a wasan ƙarshe na Gasar Kofin Duniya ta Mata a darar ces, a birnin Batumi na ƙasar Jojiya. Su ne Koneru Humpy, mai shekara 38, da Divya Deshmukh, mai shekara 19. Sau biyu suka zauna, sau biyu suka tashi kunnen doki.

Ɗalibin Hausa ya saba jin wannan magana, da takwararta canjaras, a bakin masu sharhin ƙwallon ƙafa. Hoton da ke cikinta a fili yake: doki kunne biyu gare shi, babu wanda ya ɗara wani. A ƙwallo lokaci ne kan ƙare a tashi haka. A ces kuwa hanyoyin suna da dama. Akan yi kunnen doki idan 'yan wasan suka yarda a tsakaninsu, ko tsari ɗaya ya maimaitu sau uku a kan allo, ko mai juyin wasa ya rasa duk wani motsi da doka ta yarda da shi alhali ba a tsare sarkinsa ba, ko 'ya'yan da suka rage ba su isa kama sarki ba. Kowa sai ya ɗauki rabin maki.

Sai dai rabin makin nan ba ɗanɗano ɗaya yake da shi ga kowa ba. A wasan farko Divya ce ke riƙe da farare, ta kuma sami damar da ta kuɓuce mata. A wurinta canjaras ɗin ya yi kama da asara. Humpy kuwa, wadda ta kai matsayin babbar gwana tun 2002, kafin a haifi abokiyar karawarta, tsira ta yi da ƙyar, kuma tsirar ce ta bar ta cikin takara.

Da yake kofi ba ya rabuwa biyu, ranar 28 ga wata aka koma wasan sauri. Na farko ya sake tashi canjaras, a na biyu Divya ta yi nasara da baƙaƙe. Ta ɗauki kofin, ta kuma zama mace ta huɗu a Indiya da ta sami laƙabin babbar gwana.

Saboda haka ɗalibin da ya fassara kunnen doki da “babu wanda ya ci” ya faɗi gaskiya, amma da saura. Maganar maki kaɗai take aunawa. Wanda ke son sanin wa ta yi murna, wa ta ciji yatsa, sai ya bi wasan tun daga motsin farko.