Idan Gida Ya Tsaya a Hanya: Ziyara Garin Quartzsite

Daga birnin Phoenix na jihar Arizona a Amurka, idan ka miƙi babbar hanya mai lamba 10 ka nufi yamma, tafiyar kimanin kilomita 200 ce kafin ka kai Quartzsite. Hanyar ta ratsa hamada ne, ba gari ba ƙauye sai gidan mai jefi-jefi, sai duwatsu jajaye da dogayen itatuwan ƙaya masu kama da mutum ya ɗaga hannuwa sama. A watan Janairu na bi ta. Tun kafin in hango garin na fara ganin abin da ya kawo ni: fararen motoci birjik dama da hagu, sun bazu cikin daji har gindin duwatsu, kamar an baza shanya a fili.

Waɗannan su ne motoci masu ɗaki. Ga wanda bai taɓa gani ba, ya ƙaddara doguwar bas ce aka cire kujerunta, aka zuba gado, kicin, banɗaki, firji da tankin ruwa. Akwai ƙanana da ba su fi motar haya mai cin mutum goma sha takwas ba, akwai matsakaita, akwai kuma manya da tsawonsu ke kai mita 14, tsayinsu ya kusa mita huɗu, nauyinsu ya kai tan 15 zuwa 20. Da yawa cikin masu su ba su da wani gida a ko'ina. Inda motar ta tsaya, nan ne gida.

Garin kansa ƙarami ne. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna mazaunansa kimanin 2,400 ne kacal, domin da bazara zafin wurin kan haura digiri 40 na tsawon watanni. Amma da zarar sanyi ya sauka a arewacin Amurka da Kanada, sai 'yan fansho su ɗaure kaya su gangaro kudu, kamar yadda ake tafiya cin rani a wajenmu, sai dai su gudun ƙanƙara suke yi ba neman kuɗi ba. Tsakanin Nuwamba da Maris mutum dubu ɗaruruwa ke ratsa wannan ɗan gari. A babban titinsa na yi kusan rabin awa a cunkoso, tsakanin wata doguwar mota mai jan ƙaramar jif a bayanta da wata tsohuwar motar makaranta da aka mayar gida.

Na fara tsayawa a maƙabartar garin, inda akwai wani kabari da aka gina masa ƙaramar dala ta dutse da siffar raƙumi a ƙolinta. Kabarin Haji Ali ne, wanda sojojin Amurka suka ɗauko daga ƙasashen Daular Usmaniyya a 1856 don ya kula musu da raƙuman da suka so gwadawa a wannan hamada. Ya rasu a nan a 1902. Abin da ya sa aka nemi raƙuma a wancan zamani, wato nisan zango da ƙarancin ruwa, yana nan bai canza ba. Garin Blythe na Kalifoniya yana wajen kilomita 35 yamma, Parker kilomita 55 arewa, Yuma kusan kilomita 130 kudu. Duk maganar kuɗin jan mota da na ji daga baya, a kan wannan nisa ta ginu.

Daga nan na gangara kasuwa. Rumfuna ne jere ba iyaka: masu sayar da duwatsun ado, waɗanda da su garin ya fara suna, masu farantan sola, batura, tiyo na ruwa, rumfar zane da kayan gyaran murhu. A tsakiya akwai wata ƙatuwar tanti da ake kafawa duk Janairu don baje kolin kayan motoci masu ɗaki. A ciki na tarar da teburin wata mata tana sayar da abin da ba a ɗauka a hannu, wato katin agajin gaggawa na kan hanya. Mutane sun yi mata layi fiye da yadda suka yi wa mai kayan kicin da ke kusa da ita.

Ta yi mini bayani a natse. Mutum zai biya kuɗi sau ɗaya a shekara, daga dala ɗari da wani abu zuwa wajen dala 250, gwargwadon girman motar da irin tsarin da ya zaɓa. Duk inda motarsa ta tsaya, dare ko rana, lamba ɗaya zai kira, su kuma su nemo masa janwe, ko mai canza taya, ko mai kawo mai, ko mai tayar da batir, ko mai buɗe ƙofa idan makulli ya rufe a ciki. Al'adar ta daɗe a ƙasar, domin babbar ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, tun 1902 aka kafa ta. Sai dai ta ja hankalina cewa katin da mutum yake da shi na ƙaramar motarsa yawanci bai shafi mota mai ɗaki ba, sai ya ƙara kuɗi ya hau mataki na gaba.

Ta kuma nuna mini cewa tsarin iri biyu ne. Wani yana da iyaka: za a ja ka mil 100, wato kilomita 160, ko kuma a biya maka wani ƙayyadadden kuɗi, abin da ya ɗoru a kai daga aljihunka. Wani kuwa babu ruwansa da nisa, amma ba kai ke zaɓen inda za a kai ka ba, sai garejin da ya fi kusa wanda zai iya aikin. Na yi lissafi a raina. Phoenix, inda manyan garejin injin dizal suke da yawa, ta wuce mil 100 daga nan. Ke nan mai kati na farko ko da katinsa a hannu sai ya yi ciko.

Don in ga ainihin abin da ake biya wa kuɗin, na nufi wani filin janwe a bakin gari. Ƙananan janwe biyu na ajiye, irin masu ɗaukar mota a baya, sai wata ƙatuwa mai layin tayoyi uku a baya da hannun ƙarfe da ke miƙewa ƙarƙashin mota. Direbanta, magidanci mai ƙonannen wuya saboda rana, ya ce waɗancan ƙananan ko kusa ba sa taɓa babbar mota mai ɗaki. Wannan ƙatuwar, irin wadda take jan tirela, ita ce kaɗai ke iya ɗaga ta, kuma irinta ba su da yawa a faɗin yankin.

A gefen filin akwai wata doguwar mota da aka jawo, ya ce in sunkuya in gani. Na durƙusa a kan tsakuwa na leƙa. Farfelar da ke haɗa giya da tayoyin baya an kwance ta, an ɗaure da igiya a jikin shasi, ƙusoshinta kuma an zuba su a wata leda an maƙala kusa da ita. Ya ce idan aka ja mota irin wannan injin na kashe ba a cire farfela ba, tayoyi za su riƙa juya cikin giyar babu mai yana zagayawa, kafin a yi nisa ta ƙone, kuma kuɗin sabuwar giya ya ninka na jan sau da yawa. Sannan birkin waɗannan motoci na iska ne, idan iska ta ƙare sai ya kama tayoyi gam, don haka dole ya ja tiyo daga janwe ya ba ta iska. Gaban motar kuma ba ƙarfe ba ne, wani abu ne mai kama da roba mai tauri, idan hannun janwe ya kuskure wuri sai ya tsage. Wannan shiri kaɗai, in ji shi, kan ci awa guda yana kwance a ƙasa, manyan motoci na wucewa ta gefensa da gudu.

Da na tambayi kuɗi, sai ya ce babbar janwe da awa ake biyanta, kuma agogo na fara bugawa ne daga lokacin da ya fita daga fili har ya dawo, ba daga lokacin da ya iso wurinka ba. Awa guda dala ɗaruruwa ce. Muka ɗauki misali a kan dala 300. Zuwa inda motar ta tsaya da shirya ta, awa ɗaya da rabi. Jan ta a hankali zuwa Phoenix, awa biyu da rabi. Dawowarsa fanko, awa biyu. Awa shida ke nan, dala 1,800, kuma ba a taɓa ko ƙusa ɗaya ta gyara ba. Idan aksul ɗin taya ya karye har ba za a iya jan motar ba, sai an kawo tirela mai shimfiɗaɗɗen baya an ɗora ta, a kuma yi ta lissafin tsayin gadoji. Nan kuɗi ya sake tashi. A wannan lissafi, ja ɗaya ya cinye kuɗin kati na shekara bakwai ko fiye.

Da la'asar na bi hanya mai lamba 95 kudu da gari zuwa La Posa, filin gwamnatin tarayya mai faɗin eka sama da 11,000 da aka ware wa masu dogon zama. Shekara da shekaru kuɗin izininsa ya kasance dala 180 daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, ko dala 40 na mako biyu, kuma da wannan izini mutum zai ɗebi ruwa, ya zubar da shara, ya juye tankin banɗakinsa. A wasu filayen da ke kewaye da garin kuwa kyauta ake zama, amma kwana 14 kawai. Kwalta na ƙarewa ne jim kaɗan bayan ƙofar shiga, daga nan sai burji, daga burji sai sawun taya da ke ratsa busassun ƙoramu masu yashi. Kowa ya zaɓi gindin bishiyarsa, ya jera duwatsu ya kewaye harabarsa, ya kafa sola a rufi.

Can ciki na iske wani dattijo da matarsa zaune a inuwar motarsu, suka ba ni kujera da ruwan sanyi. Shekarunsu tara a hanya, sun sayar da gidansu sun sayi wannan. Dattijon ya kai ni gindin tayar gaba, wadda ta kai mini ƙugu, ya goge ƙura da yatsa ya nuna mini wasu lambobi huɗu a gefenta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Ya ce tayar mota mai ɗaki ba ta cika siɗewa ba, tsufa ke kashe ta, rana ta busar da ita ta tsattsage alhali zanenta na nan kamar sabuwa. Shi ya sa yake canza nasa bayan shekara shida ko bakwai. Irin wannan mota ba ta zuwa da tayar ko-ta-kwana, kuma ko da akwai, mutum ɗaya ba zai iya kwance ƙusoshinta da hannu ba. Katin agajin gaggawa zai biya kuɗin zuwan mai taya da aikinsa, amma tayar kanta, wadda ke cin dala ɗaruruwa, kai za ka saya.

Matar ce ta shiga ciki ta ɗauko takardar yarjejeniyar, ta buɗe wani shafi da ta ja wa layi da biro. An rubuta cewa za a ciro motar da ta kafe ne idan ba ta wuce ƙafa 100 daga hanyar da ake kula da ita ba, wato kimanin mita 30. Na waiga. Kwalta ta fi kilomita biyu daga inda muke zaune. Ta ce mutane da yawa a filin nan ba su taɓa karanta wannan layi ba sai ranar da ruwan sama ya sauko, ƙorama ta kawo, taya ta nutse. Ranar nan sai dai ko ka biya janwe da kanka, ko maƙwabta masu manyan motocin ɗaukar kaya su taru da igiya da shebur. Suna taruwa kuwa, domin kowa ya san gobe kansa za ta iya zuwa.

Ba su ɓoye mini aibin katin ba. Wanda ke ɗaukar waya yana wata jiha mai nisa, bai san La Posa ba, sai ka yi ta kwatance. A Janairu, da motoci suka yi yawa janwe kuma kaɗan, mutum kan yi awanni yana jira, wani lokaci har ya kwana. Duk da haka dattijon ya ce bai taɓa barin katinsa ya mutu ba. Mai ƙaramar mota idan ta lalace ya bar ta a gareji ya koma gida ya kwanta. Shi kuwa idan tasa ta tsaya, da gadonsa da maganinsa da tukunyarsa duk sun tsaya a kafaɗar titi, kuma fansho ba ya ɗaukar bugun dala dubu biyu a dare ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kafin su bar kowane zango yakan duba katin, ya rubuta tsawon motar da tsayinta da nauyinta a wata 'yar takarda da ya liƙa kusa da sitiyari, saboda idan ya kira a turo janwen da ta dace tun farko.

Magariba ta yi kafin in fito kwalta. Sanyin hamada ya fara sauka, an kunna wuta a harabobi nan da can, hayaƙin itace ya kwanta a kan filin. A mahaɗar babbar hanya na tsaya na ba wata ƙatuwar janwe wuri, fitilunta masu ruwan ɗorawa na walƙiya. Ta ɗaga gaban wata doguwar mota mai ɗaki, labulen tagoginta a sauke, kekuna biyu ɗaure a bayanta. Wata ƙaramar jif na biye da su a hankali, tsofaffi biyu a gaba da kare a kujerar baya, suka hau hanyar Phoenix suna bin gidansu.