Tsatsar Da Ta Haye Teku

Ƙasar Sakkwato ba ƙasar tsatsa ba ce. Watanni huɗu kacal ruwan sama yake yi mana, daga Yuni zuwa Satumba, sauran shekara kuwa rana ce da hunturu mai tsattsaga leɓe. Fartanyar da manomi ya jingine a gindin rumbu bayan kaka, haka zai tarar da ita idan damina ta kewayo, in ban da ƙura. Duk da haka, wanda ya taɓa shimfiɗa buhu ya kwanta ƙarƙashin motocin hayar da ke kai da kawowa tsakanin Boɗinga da Shagari, zai ga abin da bai dace da wannan yanayi ba. Zai ga notuna jajaye, sun kumbura, suna saɓulewa kamar ɓawon albasa, wasu har kansu ya cinye, sifana ba ta da inda za ta kama.

Wannan tsatsa baƙuwa ce. Galibin motocin nan su ne waɗanda muke kira 'yan Beljiyam, sun shekara goma ko fiye a titunan Turai kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. A ƙasashe irin su Jamus da Beljiyam, idan sanyi ya tsananta, gishiri ake watsawa a kan kwalta don ƙanƙara ta narke. Taya ta ɗebi ruwan gishirin ta fesa wa cikin mota, ya kutsa tsakanin noti da zarensa, ya zauna. A ajin ilimin sinadarai na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na koyi cewa gishiri na gaggauta cin ƙarfe, kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ya haife ta cin wuri, har ninkin-ba-ninki. To, ina za ta faɗaɗa a 'yar tazarar da gashin kai ma ba zai shiga ba? Sai ta cike ta, ta daskare kamar siminti.

Mahaifina direba ne a wannan hanya, wadda ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari da Tambuwal har Jega. Da Fijo 504 ya fara, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, motar da ma'aikatan gwamnati suka yi yayi zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983. Waccan ba ta taɓa taka gishiri ba, shi ya sa har yau Baba yake yabonta kamar wanda ya rabu da aboki nagari. Yanzu Golf yake ja, ƙirar shekarun 1990, wadda ta girme ni. Da ita ake auno hatsi, da ita ake biyan kuɗin makarantar ƙannena uku. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, abin da ke saura bayan an sha mai ya zama ɗan kaɗan. Kai mota gareji a birni asarar yini ce da kuɗin aiki, don haka duk gyaran da zai yiwu a ƙofar gida, a nan muke yin sa. Ni kuma da na gama hidimar ƙasa ina jiran aiki, sai na zama mai miƙa sifana.

A nan na gane cewa taurin kan noti iri-iri ne. Akwai wanda mutum ne sanadinsa, kamar na taya, idan mai faci ya hau kan sifana da ƙafa yana tsalle. Wannan ƙarfi ne ya ɗaure shi, dogon bututu aka zura wa sifana sai ya saki. Akwai ɗan ƙaramin sukurun da ke riƙe da faifan birki, mai kai kamar gicciye, wanda sukudireba ke zamewa a kansa har ramin ya shafe; shi kurfi ake kafa wa a gefe, a riƙa bugawa da guduma zuwa hagu. Sai kuma na tsatsa, wanda shi ne sarkinsu.

Baba yana da tsarin da ba ya tsallakewa. Da farko burushin ƙarfe, a kankare abin da ido ke gani. Sannan a ɗiga kananzir ko man birki, a bar shi ya kwana. Akwai man fesawa na gwangwani, WD-40, wanda aka ƙirƙiro a San Diego ta Amurka a 1953, amma kuɗinsa ya isa a sha mai har Shagari a dawo, don haka ba kullum muke sayensa ba. Shi kuwa man birki yana cin fenti, kananzir kuma yana lalata robar birki, sai an lura da inda kowanne ke ɗiga. Da safe sai a bubbuga kan notin da ƙaramar guduma, ba da zafin rai ba, don tsatsar ta tsattsage mai ya sami hanya. Sifana mai zobe yake ɗauka, ba mai buɗaɗɗen baki ba, domin ita gefe biyu kawai take kamawa, da ta zame ta mulmule kan. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, sai ya ƙara ɗaure notin kaɗan kafin ya juya shi baya. Gaba kaɗan, baya kaɗan, a ƙara mai, a dakata.

Akwai wani sani kuma da ban same shi a littafi ba. Baba ya ce noti in zai kwance yakan yi ƙara, ƙas, kamar an karya kara. In zai karye kuwa shiru yake yi, sai hannu ya ji sifana ta yi laushi. Na san sunan wannan laushi a kimiyya, lokacin ne da ƙarfe ya wuce iyakar juriyarsa ya fara murɗewa. Sanin suna dai bai ba ni abin da shekaru talatin suka ajiye a tafin hannunsa ba, kuma ban ga dalilin da za a kira ɗayan ilimi, a kira ɗayan aikin ƙarfi ba.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo mana cikin Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da bututun hayaƙi ya ƙone, hayaƙi na shiga cikin mota, fasinjoji na toshe hanci, wasu a tasha sun fara jiran ta baya. Notuna takwas ne ke riƙe da wurin, kuma babu inda ya kai shi shan wahala, domin kullum yana tsakanin zafin wuta da sanyi. Cikin kwana biyu bakwai suka saki. Na takwas ya kafe. Ƙusar da yake kai ta ƙarfe ce, an dasa ta cikin kan inji na alminiyam. In ta karye a ciki, sai an sauke kan gaba ɗaya an kai Sakkwato a huda, aikin da zai cinye abin da motar ke samowa a mako biyu, ga ta kuma a ajiye.

Baba ya ɗora sifana, ya ja kaɗan, ya saki.

"Wanga ba ƙarfi shika so ba," in ji shi. "Mi littafinka ya ce, ɗan boko?"

Na ce masa, "Wuta, Baba. In aka gasa notin shi kaɗai zai buɗe ya bar ƙusar, tsatsar ta farfashe. In zafin ya kai ga kan injin ma ba laifi, alminiyam ya ninka ƙarfe buɗewa, sai dai kada harshen wutar ya zauna a kansa, don yana narkewa da wuri."

Ya daɗe yana kallon tiyon fetur da ke kusa. Ya taɓa ganin mota ta ƙone ƙurmus a kan irin wannan aiki. Daga bisani ya aika a kira mai walda da tukunyar gas ɗinsa. Muka cire batir, muka lulluɓe tiyon da jiƙaƙƙen buhu, ƙanena ya tsaya da bokitin yashi. Mai walda ya rage wutar, ya kewaya notin da ita har ya yi ja kamar garwashi, ya janye. Baba ya bari jan ya dushe, sannan ya ɗora sifana. Ba wanda ya yi magana. Sai muka ji ƙas. Notin bai rabu da ƙusar ba, tare suka fito daga kan injin, lafiya lau, zaren ramin bai ci ba.

Da muka zo mayarwa, sababbin notuna masu ruwan tagulla muka saya, waɗanda zafi ba ya saurin haɗe su da ƙusa. Duk notin ƙarƙashin mota da ya fita, sai Baba ya shafa wa zarensa giris kafin ya koma, ban da na taya, waɗanda a bushe ake ɗaure su don kada su wuce kima. Tsofaffin kuwa ba ya zubarwa, yana tara su cikin gwangwanin madara da baƙin mai, ko wata rana. Yanzu doguwar ƙusar da ke riƙe da shokozoba ta baya ce a gabanmu. Yau kwana huɗu ke nan ina ɗiga mata kananzir bayan sallar Isha'i, Baba kuwa ya ce ba zai taɓa ta ba sai ranar Juma'a.