Wata Takwas a Bayan Sifika

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai ya fito daga lacca.

Yajin aikin ASUU na 2022, wanda aka shiga ranar 14 ga Fabrairu aka janye 14 ga Oktoba, kowa da inda ya yi nasa. Wasu sun koyi ɗinki, wasu sun buɗe POS, wasu sun yi aure har an samu rabo kafin a koma aji. Ni a bayan mota na yi nawa, ƙafa ɗaya kan janareta ɗaya kan buhun wayoyi, ina bin wata ƙungiyar makaɗa ta garinmu Nguru ina kaɗa musu fiyano. Lokacin ina aji huɗu. Yanzu ina mastas, kuma cikin abokan karatuna waɗanda suka san wannan labarin ba su fi uku ba. Yau dai na ga ya kamata kowa ya sani, dalilin yana can ƙasa.

Mu tara ne. Oga, wanda shi ne mawaƙin kuma mai kayan, sai 'yan amshi biyu, mai jita, mai kalangu, ni, injiniyan sauti, direba da yaron motarsa. Motar wata tsohuwar J5 ce ta haya, wadda ƙofar bayanta sai da igiya take rufuwa. Sifiku shida ake fara jerawa, sannan amfilifaya da mikisa, sannan janareta da jarkokin mai, mutane kuma su cike gurbin da ya rage. Ko a wajen lodi kaya ne a gaba, mu muna baya, don idan sifika ta fashe babu biki, amma idan ɗan amshi ya kwana da ciwon baya ai zai iya buɗe baki.

Hanyarmu ta kullum ita ce Nguru zuwa Gashua, kilomita 60 da 'yan kai, a ratsa Jajimaji. Wannan kwalta ce, ba a ma lissafa ta cikin wahala. Wahalar tana farawa ne idan aka saki kwalta aka yi arewa, wajen ƙauyukan Machina ko Yusufari, inda yashi ke haɗiye taya. Direbanmu, wanda duk Baba muke ce masa, yakan tsaya ya sassauta iskar tayoyi kafin mu shiga. Duk da haka sai motar ta kafe. Idan ta kafe kuwa ba turawa kawai ake yi ba, sai an sauke kayan kaf, an tura, an sake lodawa. Akwai ranar da muka yi haka sau uku cikin zafin watan Mayu. Wanda ya san Yobe ta arewa ya san me nake nufi da zafin watan Mayu. Da muka isa hannuwana rawa suke yi, kuma da waɗannan hannuwan zan kaɗa fiyano har ƙarfe ɗayan dare.

Damina kuma nata salon daban. Yankinmu fadama ce, ruwan Hadejia da na Jama'are duk nan suke bazuwa kafin kogin Yobe ya wuce ta Gashua, kuma ambaliyar 2022 ba ta yi wa kowa da sauƙi ba. Akwai bikin da muka ajiye motar a bakin ruwa muka ɗora sifiku a kwale-kwale. Ban taɓa ganin fuskar Oga irin ta ranar ba. Bai ce uffan ba har muka tsallaka, idonsa na kan mikisa, wadda ya rungume kamar jinjiri. Daga baya na ji bashin da ya ci ya saye ta bai gama biya ba.

Ga shingayen jami'an tsaro. Ba na ganin laifinsu, yankin ya ga abin da ya gani, kuma mota cike da baƙaƙen akwatuna da wayoyi dole a tsayar da ita. Amma kowane tsayawa na nufin a kwance igiya, a buɗe, a yi bayani, a sake ɗaurewa. Oga yakan ce mu gode Allah, domin a 2013, lokacin dokar ta-ɓaci da aka katse layukan waya a Yobe, kiɗan dare mutuwa ya yi ɗungurungum, har sai da ya sayar da rabin kayansa ya koma saron kifi banda.

To an isa. Abin da ɗan biki yake gani shi ne Oga cikin shadda mai maiƙo yana wasa dangin ango. Bai ga awa biyun da aka yi ana jan waya ba, ana neman inda za a kai janareta nesa don kar ƙararsa ta shiga makirufo, ana gwada sauti yara sun yi mana zobe. Injiniyanmu sakandare kawai ya gama, amma da kunne yake gane wace sifika ce ta fara tsagewa, kuma na sha ganinsa ya farke amfilifaya da hasken tocilan waya ana tsakiyar rawa ya mayar ta tashi. Ni da na yi kwas ɗin lantarki a jami'a ban isa in yi wannan ba. Shi kuma Oga, kafin mu sauka daga mota ya riga ya haddace sunan uwar amarya, sunayen ƙawayenta, wa ke gaba da wa, wace Hajiya ce idan aka ambaci kishiyarta kafin ita za ta tashi da jakarta. A bikin Barebari, daren wushe-wushe, sai ya juya harshe. A garuruwan Bade ya san gaisuwar da zai jefa wuri ya ɗauki guɗa. Wannan ilimi ne, ko da babu wanda zai ba shi satifiket a kai.

Abinci sai kowa ya ci ake tunawa da makaɗa. Wani gidan a kawo burabusko da miya har da nama, a ba ku ɗaki da tabarmi, Allah ya saka musu. Wani gidan kuwa sai ƙanzon shinkafa ƙarfe biyun dare, a nuna muku ajin firamare a ce ku kwana, sauron fadama ya yi ta nasa bikin a kanku. Ɗaya daga cikin 'yan amshinmu mace ce, bazawara mai 'ya'ya biyu, kuma tata wahalar ta ninka tamu. Duk inda muka sauka sai an nemo mata gidan da za ta kwana cikin mata, kuma duk da haka ba ta tsira daga bakin mutane ba. Da kuɗin amshin nan take biya wa yaranta makaranta.

Yanzu bari in zo kan kuɗi, don nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Kun ga liƙin nan da ake yi, takardu na tashi kamar an kaɗa bishiya? Yawancinsu 'yan hamsin-hamsin ne da ɗari-ɗari da aka canzo a bakin ƙofa. Akwai wani dare a wajen Gashua da muka cika jakar Bagco biyu, ina murna a raina na ce yau kam an dace. Muka zauna ƙirga bayan asuba, ya tashi dubu 84. Aka cire hayar mota, aka cire man mota da na janareta, aka cire kuɗin tayar da ta fashe a hanya. A tsarin ƙungiyarmu abin da ya rage Oga ke ɗaukar rabi, tunda kayan nasa ne kuma gyaransu na wuyansa, sauran a raba gwargwadon matsayi. Na tashi da 3,500, na kwana biyu a hanya. Cikon kuɗin da mai bikin ya yi alkawari kuwa, “a dawo bayan an watse”, har yau ana dawowa.

Kuma aikin na da lokaci. Kafin azumi bukukuwa kan yi yawa har mu yi uku a mako, watan azumi shiru kake ji, bayan Sallah a sake ɓarkewa. Abin da ka tara a Sha'aban shi za ka ci a Ramadan. Da aka buɗe kamfen a ƙarshen Satumba sai 'yan siyasa suka fara kira, nan kuɗin ya fi kauri, amma Oga yana ɗari-ɗari da su, domin idan ka yi wa wannan waƙa ka rasa bukukuwan gidajen wancan har shekara huɗu.

Wahalar jiki dai ana barci ta wuce. Abin da ya tsaya min a rai daban ne. Mai kalangunmu, saurayi mai natsuwa wanda ban taɓa ganin sallah ta wuce shi a hanya ba, ya nemi wata yarinya aure. Gidan nan mun yi musu kiɗa a bikin yayarta, uban da kansa ya fito ya yi masa liƙi. Da manya suka je sai aka ce musu a yi haƙuri, ba a ba maroƙi. A mota ya ba mu labarin muna dawowa daga Jakusko, yana dariya, wai ashe liƙin nan kuɗin sallama ne. Babu wanda ya taya shi dariyar. Can sai Baba ya ce, “Yaro, bar su. Mu ma direbobi haka aka yi mana, yau ga jikokina.” Ni kaina a gida cewa nake na je taya wani aikin sauti, kalmar kiɗa ba ta fita daga bakina a gaban mahaifina. Oga kuwa idan zai gabatar da ni sai ya ce, “Wannan Malam ne, ɗan jami'a ne, taimaka mana kawai yake yi,” kamar yana wanke ni daga wani abu.

Abin mamakin shi ne mun san darajar abin idan ya yi nisa da mu. Mamman Shata da makaɗansa a hanya suka ƙare rayuwarsu, gari zuwa gari, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, ga ɗalibai nan suna ta rubuta kundin digiri a kan waƙoƙinsa. Amma mutum nawa ne cikinmu zai iya kawo sunan ko ɗaya daga masu kalangun da suka bi shi shekara da shekaru? Ɗanmaraya Jos ma da ya yi wa karen mota waƙa, ai mutanen bayan mota irinmu ya gani. Ku leƙa maƙwabta kuma. Mdou Moctar, Ba'abzinen nan na Nijar da Turawa ke sawa cikin gwanayen jitar kiɗan rok na wannan zamani, a bukukuwan aure ya faro. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta katin memori. Yau yana zagaya Amurka da Turai, amma can ɗin ma rayuwar ita ce: mota, lodi, saukewa, wani gari gobe, da tebur a bakin ƙofa ana sayar da riguna da faifai don a cike giɓin kuɗin mai. Da sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023 suna Amurka, hanyar gida ta rufe musu, sai da masoya suka yi musu karo-karo. Na karanta labarin na ce ashe mota na kafewa har a can.

Tun da na bar ƙungiyar abubuwa sun ƙara tsanani. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya kusa kashe liƙi, ba ka liƙa wa mutum tiransifa a goshi. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai. Litar da farashin gwamnati yake 165 lokacin da na fara bin su ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, ga mota na sha ga janareta na sha. Sannan EFCC ta matsa wa masu liƙi da naira, har an kai wasu kotu, manyan baƙi suka fara noƙewa idan sun ga kyamara. Dokar tana nan tun tuni, ban ce a karya ta ba, amma wanda abincinsa ke cikin jakar Bagco ya ji a jikinsa. Cikin mu taran nan uku sun bar sana'ar. Injiniyan yana gyaran waya a Gashua yanzu.

Ga dalilin rubutun. Lokacin dina da ranar al'adu da walimar kammala karatu ya zo, ƙungiyoyin ɗalibai duk sun kafa kwamitoci, ni ma ina cikin ɗaya. Na ga kasafin da aka zana. Akwai kuɗin zaure, akwai na abinci, na ado, na mai hoto, har da na kyautar da za a ba manyan baƙi. Da aka zo kan kiɗa sai aka rubuta za a nemo wani ɗan gida ya taimaka, “ai talla ce gare shi, kuma zai samu liƙi”. Liƙin ɗalibai fa! Mu da muke cin garau-garau tun tsakiyar wata. Babu wanda ya ce mai abinci ta dafa kyauta don a san ta. Kuma wanda za a nemo ɗin ba shi kaɗai zai zo ba, akwai mutum bakwai ko takwas a bayansa da za su yi lodi, su ja waya, su kwance ƙarfe biyun dare bayan mun tafi hostal.

Ban ce sai an yi kiɗa ba. Wanda yake ganin bai dace ba saboda addini ko ra'ayinsa, ina girmama shi, a yi walima da wa'azi a tashi lafiya. Amma idan har za a kira su, a sa su cikin kasafi kamar kowa. A ba da rabin kuɗin kafin alƙalami don su zuba mai ba da bashi ba, a ba su abinci kafin su hau, a cika musu kafin su kwance waya, ba “ku zo ofis ranar Litinin” ba. Idan daga nesa suke a san inda za su kwana, idan da mace a cikinsu a yi mata nata tanadin.

Ranar Alhamis bayan la'asar muna da zama, zan kai maganar da lissafina a rubuce, na mota da na mai da na mutum tara. 'Yan Nguru da Gashua da ke cikin kwamitin, don Allah kar ku ce kuna da lacca.